Sai Yanar Ta Ƙosa

Tire aka fara ɗauka.

Tun da ciwon yana ya rufe wa Iya Tela ido biyu, ɗanta Dogo ya ɗauko ta daga tsohon gidanta ya ba ta ɗaki a nasa, aikinta ɗaya ne: ta tashi, ta sha shayi, ta ɗauki tsumma ta bi kayan da ta zo da su tana gogewa. Ba wasu kaya ne masu yawa ba. Tiren tagulla na kakarta, dutsen guga na gawayi mai zakara a murfi, agogon bango na marigayi mijinta, sai keken ɗinki na hannu da ta gada a wajen uwarta. Da keken nan ta ci sunan Tela, da shi kuma ta reni Dogo da ƙanwarsa Auta bayan ubansu ya kwanta dama. Keken yana kan teburinsa a gefen gado, rufe da murfin katako, makullin yana rataye a wuyanta.

Da safiyar nan ta ɗauki tiren, babban yatsanta ya tafi neman lotsewar da ke bakinsa, kamar kullum. Ita ta yi lotsewar tana yarinya, ta sake shi a ƙasa, ta kuma sha duka a kai. Yatsa ya zagaye bakin tire ya dawo bai sami komai ba. Ta ɗaga shi, ta ji ba nauyi. Ta ƙwanƙwasa da farce. Na kakarta in ka taɓa shi sai ya yi ta amsawa har ka gaji da saurare, wannan kuwa ƙwas ya ce, ya yi shiru.

Da Dogo ya leƙo gaishe ta, yana ɗaura agogon hannu zai tafi ofis, ta miƙa masa.

“Wannan ba tirena ba ne.”

“Shi ne mana, Iya. Na ba da an buge lotsewar an wanke miki shi. Da kin gan shi yanzu, sai ƙyalli.”

“Wa ya ce ka buge min?”

“To, yanzu kuma gyara ya zama laifi?” Ya yi ’yar dariya. “Na makara, Iya. Sai na dawo.”

Ta janye tiren. Ɗanta ne, shi ke ciyar da ita, shi ya sa mata fanka a ɗaki. Ta ce a ranta ƙila maƙeran yanzu kankare ƙarfe suke yi har ya rasa nauyi. Ta goge tiren ta mayar inda yake, amma ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Kada wani ya yi saurin ɗora wa suruka laifi, kamar yadda muka saba. Matar Dogo tana fita aiki da sassafe, ta dawo a gajiye, ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba. Waɗanda suka yi aikin nan a cikin Iya suka kwanta, nononta suka sha.

Bayan tire sai dutsen guga. Zakaran da ke murfinsa tun zamanin uwarta ƙoronsa ya karye, mariƙin kuma ya taɓa tsagewa mijinta ya naɗe shi da waya. Rana ɗaya Iya ta shafa ta ji zakara da cikakken ƙoro, mariƙi sumul, ga warin sabon fenti. A ranar Auta tana gidan. Ita ma da aurenta da shagonta na kayan kwalliya, amma kwanan nan ta faye zuwa, su shige falo da yayanta su yi ta ƙusƙus.

“Auta, zo ki duba min. Ina wayar da babanku ya naɗa a nan?”

Auta ta ce, “Wace waya, Iya? Ni tun da na yi wayo haka na san shi.”

“Ke da kika ƙone a hannu da shi?”

“Iya, kin fara mantuwa fa. Jiya ma kin kira ni da sunan Goggo.”

Ba ta tuna ta yi hakan ba. To amma ai mai mantuwa ba ya tuna ya manta. Maganar ta shige ta, ta sami wuri ta zauna.

Dogo ya kawo wasu ƙwayoyi, ya ce na ƙarfafa ƙwaƙwalwa ne, wani abokinsa mai shagon magani ya ba shi. In ta sha sai jikinta ya mutu, ta wuni tana gyangyaɗi a kujera, baki a sake. Cikin irin wannan barci ne aka sauke agogon bango. Shi kam ba a iya kawo madadinsa ba, domin bugunsa daban ne, yana da wata shaƙewa a ƙarshe kamar tsoho mai gyaran murya, kuma duk gidan an san kunnen Iya ba ya kuskure. Sai aka ce an kai shi gyara.

“Me ya same shi? Da safe ma ya buga.”

“Yana gudu, Iya. Ke ba ki gani ne.”

Ɗaki ya yi tsit. Da, agogon ne ke raba mata yini, ya ce mata rana ta yi, ya ce mata yamma ta gabato. Yanzu sai ta ji motsin wani a tsakar gida ta tambayi lokaci, wani sa’in a amsa, wani sa’in a yi kamar ba a ji ba. Sau da yawa takan ɗaga hannu ta shafa bangon, ta taɓa ƙusar da aka bari. In ta tambayi Dogo sai ya ce mai gyaran ya yi tafiya, ko kayan gyaran sai an yi odarsu, ko kuma, “Iya, don Allah ki bar ni in huta, yanzu na shigo.”

Maganar ido kuwa amsarta ɗaya ce. Tun farkon zuwanta ya kai ta asibitin ido, likita ya haska mata fitila, ya ce yana ce, ana cirewa. Daga nan suka fita waje da Dogo suka ƙarasa maganar. Duk sanda ta ce, “Yaushe za mu koma?” sai ya ce, “Likita ya ce sai ta ƙosa. In aka taɓa ta ɗanya, idon ne zai tafi gaba ɗaya.” Ita da ba ta yi karatun likita ba, me za ta ce? Ta zauna tana jiran yana ta ƙosa, damina ta wuce, wata ta zo.

Abin da ya fi cin ranta ba kayan ba ne. Ta fara zargin kanta. Takan zauna da tiren a cinya tana tambaya: anya akwai lotsewar nan? Anya an yi dukan? In wannan ƙarya ce kanta ya ƙirƙira, to muryar uwarta da take ji in ta taɓa keken fa, ita ma ƙarya ce? Matar da ta yanka yadin amare ba tare da ta ɓata ko taku ɗaya ba, yau ga ta tana tsoron buɗe baki kada a ce ta ruɗe. Ta rage magana. Ta rame har zobenta ya soma zamewa.

Wata rana da hantsi Dogo ya shigo ɗakin da baƙo, ya ce mai gyaran wuta ne, zai duba soket. Iya ba ta ji ƙarar jakar kayan aiki ba. Turare ta ji, mai tsada, da takun takalmi sau ciki. Mutumin bai nufi bango ba, wajen teburin ya tsaya. Ta ji yana ƙwanƙwasa murfin keken da ɗan yatsa, a hankali, irin na mai tayi.

“Mama, wannan ai na zamanin da ne. Zanen zinaren jikinsa yana nan? Yana aiki?”

“Mai gyaran wuta, ina ruwanka da keke?”

Mutumin ya yi dariya. Dogo ya ce, “Iya, kawo makullin a ɗan sa masa mai, kada ya yi tsatsa.”

“Ni nake sa masa mai. Hannuna bai makance ba.”

Ta damƙe makullin a ƙirjinta har suka fita. Daga ranar ta daina haɗiye ƙwayar, ta riƙa ɓoye ta ƙarƙashin harshe tana tofarwa a tsumma. Ta daina fita tsakar gida shan iska. Wanka ma a gurguje take yi, ta fito da kumfa a bayan kunne, ta lalubi murfin, ta buɗe, ta kama mariƙin da tafin uwarta da nata suka cinye har ya yi santsi. Sai ta juya shi sau ɗaya, ta ji tik-tik ɗinsa, sannan hankalinta ya kwanta. A gidan ɗanta take, amma gadi take yi.

Ana haka sai ga ƙanwarta ta zo daga garin da take aure. Yaran suna ce mata Goggo Rediyo, domin in ta buɗe baki ba a samun wurin kashewa. Ta shigo da sallama da ƙorafin hanya da ciwon gwiwa, ta zauna a bakin gado, sai ta yi shiru, abin da ba halinta ba.

“Yaya, wa ya mutu ba a gaya min ba? Dubi wuyanki.”

Iya ta juya wajen kayanta. Ta laluba ta ɗauko tiren ta miƙa mata. “Duba min wannan. Ki gaya min gaskiya, ko da ni ce na haukace.”

Goggo ta juya shi. “Wannan gwangwanin fa? Ga ma takardar shago manne a bayansa, ba su ko ɓare ta da kyau ba. Ina na Kaka?”

“Yana da lotsewa a baki, ko?”

“Ke da kika sha bulala a kanta? Ai ni na kai ƙara.”

Iya ta fashe da dariya, dariyar da ta manta tana da ita. Ashe da hankalinta. Ashe lotsewar tana nan, dukan ma an yi. Tana cikin dariyar sai abin ya juye mata: in kanta lafiya yake, to ’ya’yanta ne suka dube ta ido cikin ido suka ce ta ruɗe. Ta kife fuska a kafaɗar ƙanwarta ta yi kuka mai cin rai, ba sauti.

Goggo ta bar ta ta gama, sannan ta ce, “Idon fa? Me likita ya ce?”

“Wai sai ta ƙosa.”

“Mangwaro ce? Maƙwabciyata an cire mata tata tana ma ganin hanya. Gobe ki shirya.”

Washegari, bayan Dogo ya fita, Goggo ta sayo kwaɗo ta datse ƙofar ɗakin, ta tari tasi. A asibiti wata nas ta ɗauko katin Iya, ta duba, ta ɗago.

“Mama, ai tun bara aka ba ki rana. Mun kira lambar ɗanki har mun gaji. Ya ce kin ƙi, wai tsoron wuƙa kike.”

Goggo ta buɗe baki, Iya ta matse mata hannu. Ba a tonon silili a gaban bare. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, “Na daina tsoron, ’yar nan. A yi min.”

Aka sami gurbi aka yi mata ido ɗaya da yammar ranar, aka rufe da bandeji, aka ce ta kwana. Dogo ya iso da ledar lemo, yana huci. A gaban nas ya yi ta godiya, da ta fita ya juya kan Goggo.

“Goggo, ya za ki ɗauki uwata ki kawo a yanka ba da sanina ba? In wani abu ya faru fa?”

“Kafin ta zama uwarka yayata ce. Ajiye lemonka ka zauna.”

Bai zauna ba. Ya tambayi yaushe za a buɗe idon, aka ce da safe. Ya ce yana da wani uzuri, ya fita da sauri. Iya tana jin takunsa yana nisa a baranda, hannunta a kan makullin wuyanta.

Da safe aka ɓare bandeji. Haske ya daki idon har ya yi ruwa. Abin da ta fara gani fuskar ƙanwarta ce, duk ta tattare, ga furfura ta leƙo daga ɗankwali.

“Ashe kin tsufa haka?”

“Jira a ba ki madubi,” in ji Goggo, tana share hawaye.

A cikin tasi Iya ba ta kalli titi ba, ba ta kalli sababbin gine-gine ba. Abu ɗaya take son gani: furannin zinaren da ke jikin keken, da inda babban yatsan uwarta ya goge su a kusa da ƙafar allura.

Kwaɗon yana nan a ƙofa, a kulle. Sai dai ƙusoshin da suka riƙe ƙarfensa sun sha sukundireba, ga garin katako a ƙasa. Suka shiga. Ta ga tire yana ƙyalli irin na banza, ta ga dutsen guga da baƙin fenti, ta ga da’irar da agogo ya bari a bango. Murfin keken yana zaune daram a kan teburi. Ta cire makullin daga wuya ta zura, ya juya fayau, bai kama komai ba. Ta ɗaga murfin.

Babu komai sai shatin gindin keken a jikin katako, da ramukan ƙusa, da wani ɗan bobin da ya gangara kusurwa da ragowar farin zare. Wannan karon ba a sami lokacin sayo madadi ba.

Goggo ta fara salati, ta nufi ƙofa tana naɗe hannun riga. Iya ta ce, “Kira min su kawai. Su biyun.”

Suka zo. Dogo ya yi ƙiba, ita ba ta sani ba, ga tumbi ga sanƙo. Auta ta tsaya a bayansa tana wasa da makullin mota. Iya ta daɗe tana kallonsu da idonta ɗaya, har kallon ya ishi Dogo ya fara zuba.

Ya ce rayuwa ta yi tsada, ita tana ɗaki ba ta san abin da ake ciki ba. Ya ce makarantar yara, ya ce gyaran rufi, ya ce shagon Auta ya kusa rufewa. Ya ce mutumin nan da ya zo duba soket yana tara kayan zamanin da ne, a wajensa za su fi samun kulawa, cikin gilashi za a sa su. Ya ce, “Ƙarfe ne fa, Iya. Shekara nawa ba ki yi ɗinki ba? Zan sayo miki na lantarki, sabo dal.” Da ya ga ba ta motsa ba, sai ya fito da ta cikinsa: “Kuma in gaskiya ake so, ai gadonmu ne. Ko yau ko gobe hannunmu za su dawo.”

“Haka ne,” in ji Iya. “Da ka roƙa, da wataƙila na ba ka tiren. Da ka yi kuka, da na ba ka agogon. Wane dare ne ban raba ina juya keken nan don kada a kore ka daga makaranta ba? Amma tun da gado kuke so, ba sai kun jira na mutu ba.”

Ta tashi da kanta, ba lalube. Ta ɗauko tiren ta ɗora wa Dogo a hannu.

“Ungo. Ni kakata ta bar min wanda ta ci abinci a kai. Kai ga wanda za ka bar wa ’ya’yanka. In sun tambaye ka tarihinsa, takardar shagon tana baya.”

Ta ɗauko dutsen gugar ta miƙa wa Auta. Auta ta noƙe hannu.

“Karɓi. Ai kin ce tun da kika yi wayo haka kika san shi.”

Auta ta miƙo hannu ta karɓa. A bayan hannun, tabon ƙunar yana nan, Iya ta gan shi sarai.

Ta sa Goggo ta haɗa mata tufafinta a jaka. Ta tsinci bobin ɗin ta ƙulle a bakin zane, ta rungumi murfin katakon. Dogo ya tare ƙofa, tire a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

“Iya, ina za ki? Me mutane za su ce?”

Ka ji fa. Ba idonta ya tambaya ba, ba zuciyarta ba. Mutane.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ake cewa, kuma Iya ba ta tsine wa kowa ba. Kaya sun tafi, ta san ba za su dawo ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: damina biyu da ta yi a cikin duhu, tana cin karo da bango, tana tambayar lokaci, alhali aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

“Tambaya ɗaya zan yi maka, Dogo. Da Goggonku ba ta zo ba, yaushe yanar za ta ƙosa?”

Ya dubi tiren. Ya dubi bango.

Auta ce ta amsa, daga bayansa, kanta a ƙasa, hawaye yana ɗiga kan zakaran ƙarfe.

“Cewa ya yi in an gama da keken.”

Iya ta gyaɗa kai. Ta gyara riƙon murfin, Dogo ya matsa gefe. Goggo ta miƙo hannu za ta ja ta kamar jiya, Iya ta ce ta bar shi, tana gani. Ta bi tsakar gidan ɗanta, ta ga shukokin da ke bakin famfo da fentin bango da igiyar shanya, duk karon farko, ta fita ba ta waiwaya ba.